Kurakuran Tamarji, Guzurin Hamza

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka Sulaimanu, a Rusaifa, Makka, zuwa ga ɗana Hamza.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a kan teku, Ya tsare ka a kan tudu, Ya sauke ka tashar jirgin ruwa ta Bar Sudan lafiya, Ya kai ka Umdurman ko ƙaya ba ta soke ka ba. Amin.

Na ce wa mahaifiyarka ta sa wannan takarda a akwatinka, ƙarƙashin ƙullin dabino, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Saboda haka lokacin da kake karanta ta, ina jin Jidda ta riga ta ɓace muku. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi zama a bakinka, amma ka daure ka bi ta a hankali. In wata kalma ta shige maka duhu, jirgin cike yake da alhazan ƙasarmu masu komawa gida, kowane tsoho ka tambaya zai warware maka, har ya ƙara maka da labarin da ba ka nema ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya ka baro shi. Kurakuraina zan ba ka. Kusan shekara talatin ke nan ina shaƙar warin asibiti, amma har yau sunana tamarji, mai wanke ciwo da tura gadon marasa lafiya, ba ni da shahada, wato takardar shaidar karatu, ko ta shafi ɗaya. Kai kuwa ga shi za ka shiga makarantar jinya ta ƙofa. To, wanda ya faɗa rami ya fi kowa sanin inda ramin yake. Bari in nuna maka nawa.

Na farko tun a ƙasar Kano ya same ni, ina kamar shekarunka. A garinmu akwai ƙaramin ɗakin shan magani, mai kula da shi Malam Garba disfensa. Shi ya ɗauke mu mu biyu, ni da abokina Tanko, muna dafa allura, muna naɗe bandeji, yana koya mana boko da yamma. Da ya ga hannunmu ya faɗa, sai ya kai sunayenmu don a tura mu birni koyon aikin sosai. Abin da ake ba mu a lokacin kuwa, in ka sayi sabulu da goro ya ƙare.

Ana cikin haka kakar gyaɗa ta zo. Wani mai sayen gyaɗa ya ji na iya karatu da lissafi, ya ce in zo in tsaya masa a kan sikeli, zai ba ni fiye da ninkin abin da nake samu. Ko shawara ban yi ba. Na je na sami Malam Garba na ce masa na samu abin da ya fi.

Ya dube ni ya ce, “Sule, gyaɗa wata nawa take yi a shekara?”

Na ce, “Kamar uku ko huɗu.”

Ya ce, “Ciwo fa?”

Na yi dariya na tafi. Na ɗauka tsufa ne ke sa shi yawan tambaya. Kaka ta wuce, aka naɗe sikeli, na koma ɗakin magani na tarar Tanko ya tafi birni, an kuma ba wani gurbina. Kunya ta hana ni zaman garin. Da ayarin masu zuwa hajji a ƙasa ya biyo, sai na bi su.

Ka san inda na sake ganin Tanko? A Mina, shekaru uku da suka wuce. Ina tura wani mara lafiya sai na ji an kira ni da sunan da rabona da jin sa tun ina saurayi. Na waiwaya, ga wani dattijo da farar riga da tabarau, yana cikin ma'aikatan lafiyar da suka rako alhazan Nijeriya. Tafiyar da na yi shekaru ina yi a ƙafa, shi a jirgin sama ya yi ta cikin yini guda. Muka rungume juna. Da ya sake ni, abin da ya fara cewa shi ne, “Sule, ina sikelin?” Muka yi ta dariya har mara lafiyar da nake turawa ya fara yi mana tsaki.

To, ka ji. A makaranta ɗan abin da za a riƙa ba ka ba zai taka kara ya karya ba, kuma ko ka gama, albashin farko na ma'aikacin jinya ba mai sa mutum rawa ba ne. Za ka ga sa'o'inka direbobi da masu kanti sun fi ka samu, za su kuma tabbatar ka sani. Kada ka auna aiki da albashin wata ɗaya. Ka tambayi abu uku: yana ƙaruwa da shekaru? Yana da abin da zai riƙe ka in ƙarfi ya ƙare? Takardarsa tana bin ka in ka canja gari? Jinya ta amsa duka ukun. Sikeli bai amsa ko ɗaya ba.

Na biyu ƙarami ne, amma mahaifiyarka ta ce lallai in sa shi. Bayan mun ratsa ƙasar Cadi mun shiga Sudan, guzuri ya ƙare, na yi tsinkar auduga na ɗan lokaci, sannan Allah Ya sa na samu aikin tamarji a wani ƙauye kusa da Gadarif inda Hausawa suke da yawa. Ranar da na karɓi albashin farko, sai na shiga kasuwa na sayo agogon hannu mai ruwan zinariya, don na ga kowane babban ma'aikaci yana kama hannun mara lafiya yana duban agogo. Washegari na ɗaura, na naɗe hannun riga don kowa ya gani. Da aka ce in ƙirga bugun jinin wata tsohuwa, na kama hannunta, na dubi agogo, sai na ga ashe ba shi da siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa. Na yi ta kallonsa yana kallona. Tsohuwar ta gaji ta ce, “Ɗan nan, in lokaci kake nema, azahar ta kusa.” Sauran watan a gidan maƙwabta na ci tuwo. Kai in ka karɓi naka, ka fara da takalmi mai taushi, don aikin nan a tsaye ake yin sa. Sannan ka aiko wa mahaifiyarka wani abu komai ƙanƙantarsa. Ba don tana bukata ba, don ta samu abin nuna wa matan unguwa.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai na yi istigfari, ko da yake ƙarshensa ya yi daɗi. Shugabana a ƙauyen nan mataimakin likita ne, sunansa Usman, kowa na kiransa Hakim, wato mai magani. Babu likita a duk yankin, shi ne mai dubawa, shi ne mai rubuta magani, shi ne mai ɗinke wanda saniya ta soka. Wata rana ya tafi gari karɓo magunguna, zai kwana biyu. Ya ce mini, “Ka wanke ciwo, ka ba da abin da na riga na rubuta. Sabon abu in ya zo, mai sauƙi ya jira ni, mai tsanani a kai shi gari.”

Yana juya baya na hau kujerarsa. Mutum na farko da ya shigo ya ce, “Salamu alaikum, Hakim.” Ban gyara masa ba. Wallahi Hamza, sunan nan ya fi zuma zaƙi. Kafin la'asar har tafiyata ta canja.

Sai aka kawo Malam Buba, wani mai fataucin raƙuma, yana riƙe da cikinsa ta gefen dama, jikinsa da zafi, yana amai. Na latsa nan, na latsa can, kamar yadda na ga ana yi, na gyaɗa kai na ce, “Ciki ne ya cushe.” Na ba shi maganin wanke ciki, na ce ya je gida. Ban san abin da ke damunsa ba. Abin da na sani kawai shi ne mutane suna kallona, kuma Hakim ba ya cewa bai sani ba.

Allah Ya taimake ni Hakim Usman ya gama da wuri ya dawo washegari da hantsi. Aka sake kawo Buba, wannan karon a kan ƙyaure. Hakim ya ɗora hannu a cikinsa sau ɗaya, ya ɗaga, Buba ya yi ƙara. Ya tambayi abin da aka ba shi, na faɗa. Ya fita bakin hanya ya tsayar da wata babbar mota mai ɗauke da buhunan dawa, muka ɗora Buba a sama, ya ce in hau in riƙe shi. Tafiyar nan ban taɓa yin mai tsawonta ba, har da wadda na yi daga Kano. Kan Buba yana kan cinyata, duk ramin da motar ta faɗa sai ya matse mini hannu, ni kuwa duk addu'ar da na sani sai da na karanta. A asibitin gari aka yi masa aiki, aka ce ɗan hanjin nan ne ya kumbura har ya fara fashewa, kuma maganin da na ba shi ƙara wa wuta mai ya yi.

Da muka dawo na tsaya gaban Hakim ina jiran kora. Ya gama shan shayinsa tukuna, sannan ya ce, “Sulaiman, ni da na yi shekaru ina karatun nan, rabin aikina shi ne in gane abin da ya fi ƙarfina in tura shi gaba da wuri. Kai a kwana ɗaya ka wuce ni.” Ya miƙo mini tsintsiya.

Buba ya warke sarai. Har muka bar ƙauyen, duk inda ya gan ni a kasuwa sai ya ɗaga sanda ya ce, “Ga Hakim na kwana ɗaya.” Ranar sunanka ma shi ya kawo rago.

Saboda haka ka koyi cewa “ban sani ba” tun kana ɗalibi, lokacin da faɗinta ba ya da tsada. Mutanenmu in sun ga farar riga, kowa dakta ne a wurinsu. In an kira ka da sunan da ba naka ba, ka gyara da fara'a. Wanda ya karɓi sunan da ya fi shi, wata rana za a kawo masa kayan mai sunan ya ɗauka.

Tun da na ambaci Hakim Usman, bari in gaya maka abin da idona ya gani game da aikinsa da naka, don a makaranta za ka tarar samari ba su da hira sai ta wane ya fi wane. Gaskiya ita ce mataimakin likita ya fi ma'aikacin jinya albashi, ba na ɓoye maka. Ana ba shi gida. A ƙauye bayan hakimi da liman sai shi. Hakim Usman bai taɓa sayen kaza ba, kullum akwai wadda aka ɗaure masa a ƙofar gida. Shi ke yanke shawara, ba mai tsaya masa a ka.

Amma shi kaɗai ne. In abu ya rikice ba wanda zai waiwaya ya tambaya. Ranar Idi ma daga masallaci ake janye shi. Inda ba likitan da zai yarda ya zauna, can ake tura shi, 'ya'yansa kuwa sai dai a kai su gari wurin dangi saboda makaranta. Sannan tsaninsa gajere ne. Komai daɗewarsa ba zai zama likita ba. Na ga ranar da wani sabon likita, wanda Hakim ya isa ya haife shi, ya zo duba mu. Hakim ya miƙe ya ba shi kujera, ya tsaya a gefe hannu a baya, yana amsa tambayoyin da ya san amsarsu tun kafin a yaye mai tambayar. Bai nuna komai a fuska ba, amma ranar bai ci abincin rana ba.

Ma'aikacin jinya kuwa daga ƙasa yake farawa, ana aika shi, ana yi masa faɗa, ƙafafunsa suna kumbura. Sai dai hanyarsa tana da rassa. Wani ya zama shugaban ɗakin marasa lafiya, wani ya koma koyarwa, wani ya ƙware a ɗakin tiyata. A asibitin da nake yanzu akwai wani mutumin Madani, Abdurrahim, ma'aikacin jinya ne, amma likitan tiyata ba ya ɗaukar wuƙa sai ya ga ya shigo. Kuma kai shaida ne yadda ake ta gina sababbin asibitoci a ƙasar nan, ana ɗebo masu shahadar jinya daga Masar da Pakistan da Sudan, har yanzu ba su isa ba. Mai takarda a hannu ba zai zauna banza ba, ko nan, ko Sudan, ko can gida tun da an samu 'yancin kai ana neman ma'aikata. Ƙari a kan haka, a zamanina daga cikin ma'aikatan jinya da suka yi shekaru suna aiki ake zaɓen waɗanda za a koya wa aikin mataimakin likita. Ka bincika ko har yanzu haka ne. In haka ne, ka ga ba ƙofar da ka rufe wa kanka. Ɗaya ba ya raina ɗaya, sai wanda bai yi ko ɗaya ba.

Na huɗu, wanda shi ya zaunar da ni inda nake. Duk da abin da na yi, Hakim Usman bai fid da rai da ni ba. Bayan shekara biyu ya sa sunana cikin masu jarrabawar shiga aikin jinya. Aikin hannu ba ya ba ni tsoro, na fi da yawansu iyawa. Rubutun Larabci ne ya tsaya mini. Ina jin magana, ina mayarwa, ina karanta Alƙur'ani, amma in aka ce in rubuta bayani sai in kasa. Na riƙa ganin kaina a tsakiyar samari 'yan makaranta, ni da gemu, ana karanta kuskurena ana dariya.

Ranar da motar zuwa gari za ta tashi, sai na ja bargo na ce wa mahaifiyarka zazzaɓi nake ji. Ta taɓa goshina, ta dube ni. Ta fita. Can sai ga ta da ƙwarya cike da ruwan ganyen dogon yaro, ta dafa shi har ya yi baƙi.

Na ce, “Hajiya, ai ya fara sauka.” Lokacin ba ta yi hajji ba, amma na fara kiranta da haka don neman sassauci.

Ta ce, “Zazzaɓin da ya hana mutum jarrabawa ba ƙarami ba ne. Shanye.”

Kwana uku tana dafa mini safe da yamma, tana tsaye sai na ga ƙasan ƙwarya. Har yau ba ta taɓa cewa ta gane ƙarya nake yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wani Bazabarme da muke aiki tare, wanda Larabcinsa ko rabin nawa bai kai ba, ya hau motar. Ya faɗi a karon farko, ya koma, ya ci. Na ji labarin yanzu shi ke riƙe da ɗakin marasa lafiya guda a Kasala.

Don haka duk jarrabawar da aka buɗe ƙofarta, ka shiga. Faɗuwa kwana bakwai ake zancenta. Rashin shiga kuwa ga ni nan, shekara ashirin ina zancensa. Kuma in malami ya yi bayani ba ka gane ba, ɗaga hannu. Waɗanda za su yi maka dariya, rabinsu su ma ba su gane ba.

Na biyar a nan Makka na yi shi, kana ƙarami. Da muka ƙetaro muka sauke farali muka zauna, takardun Sudan ne a hannunmu, su suka sa na samu aiki. A asibiti na ji yadda wasu ke jan kalmar Takaruni da raini in sun ga mutanenmu, sai na ce ni mutumin Gadarif ne, na kulle Hausata a gida. In aka kawo Bahaushe sai in sunkuyar da kai in yi aikina da hannu. Shekara uku ina haka.

Wani hajji aka tura mu tantin asibiti a Mina. Rana ta biyu da jifa, wajen azahar, aka kawo wani tsoho daga ƙasar Katsina, ƙafarsa ta yi ciwo ta kumbura. Likitan, wani Bamisre mai saurin hannu, ya duba ya ce a kawo allurar fensilin. Ni ke riƙe da faranti. Tsohon yana ganin kwalbar sai ya fara ja da baya yana cewa, “Don Allah kada ku yi mini wannan. An taɓa yi mini a gida, na kumbura, numfashina ya tsaya, da ƙyar aka ceto ni. An ce kada in sake.”

Likita ya ɗauka tsoron allura ne. Ya yi murmushi ya ce a riƙe shi. Ni na ji kowace kalma. Kuma ka ji abin kunya, Hamza: na yi shiru. Na tsaya ina auna sunana da ran mutum, har aka zuƙe maganin, har aka goge wurin da auduga. Sai tsohon ya juyo ya dube ni, bai san ina jin sa ba, fuskar da ta yi kama da ta gida kawai ya gani, ya ce, “Ɗana, ba ka ji?”

Na ajiye faranti na riƙe hannun likita. Na gaya masa abin da tsohon ya ce. Ya ajiye allurar nan a hankali kamar mai ajiye maciji, ya canja magani. Sannan ya juyo kaina.

Ya ce, “Kana jin harshensu?”

Na ce, “Harshen uwata ne.”

Ya ce, “Shekara uku muna magana da mutanen nan da hannu kamar kurame, kana tsaye?”

Na shirya jin faɗa, sai ya sa aka kawo kujera aka ajiye kusa da tasa. Tun daga ranar, kowane hajji wurina ke nan. Abin da na ɓoye don kada a raina ni, shi kaɗai ya taɓa ɗaga ni a wurin aiki. Tsohon nan kafin ya tafi ya kama kaina ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

A Sudan za ka tarar da Hausawa ko'ina, a gonakin auduga, a kasuwa, a gadon asibiti. Wasu abokan karatunka za su yi musu wani suna. Kada ka sunkuyar da kai. Kana da harshe biyu, wannan shahada ce da ba makarantar da ta ba ka. Kuma ko da wane harshe mara lafiya ya yi magana, ka saurare shi har ya kai aya. Likita minti biyar yake yi a gefen gado, kai ne mai wuni a wurin. Abin da mara lafiya ya ji nauyin gaya wa likita, kai zai gaya wa lokacin da kake gyara masa matashi.

Saura ɗaya, kuma shi ne sabo, don bai fi wata huɗu ba. Kai ma kana wurin.

Ka tuna ranar da takardar makaranta ta zo, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar. Na yi murna, na ce madalla, ka yi shekarun da ake bukata, da zarar an buɗe ƙofar mataimakin likita ka tsallaka, a kira ka Hakim, in ji da kunnena. Kai kuwa ka ce, “Baba, ni jinyar nake so. Na fi son gefen gado da bayan tebur.” Ka ce tun hajjin da ka taya mu aiki a Mina kana ɗauko ƙanƙara kana shafa wa waɗanda rana ta buge, ka ga mutum ya buɗe ido a hannunka, ka san abin da kake so ke nan.

Ni kuma na ce maka, “Wato kwasar fo za ka gada.” Na tashi na shiga ɗaki. Kwana bakwai in ka gaishe ni sai in amsa da ka.

Maganar nan ba ta dace ba, kuma ƙarya ce. Na zagi aikin da ya ciyar da kai, na zagi kaina. A rana ta bakwai mahaifiyarka ta kawo mini shayi ta ƙi tafiya. Ta ce, “Malam, rigar da ba ka samu ba ce kake son ɗinka wa yaron nan, ko gwada shi ba ka yi ba.” Na ce ta bar ni in sha shayina. Ta ce shayin ba ya hana ji. Daga nan na sake maka fuska, amma ban ce maka komai ba, har jiya da muke haɗa kayanka na ɓige da yi maka faɗa a kan igiyar akwati. Bakina ba ya iya irin wannan magana, shi ya sa na ba alƙalami.

Ka yafe mini, ɗana. Zaɓinka mai kyau ne, kuma naka ne. In wata rana ranka ya so ɗaya hanyar, ka bi ta don kai kake so. In ka tsufa a gefen gado, ni dai na yarda, na kuma sa albarka. Shekaranjiya na sami Abdurrahim na gaya masa ɗana zai tafi koyon jinya. Sai da na fito na lura ashe na riga na gaya masa sau biyu a makon nan, shi ne dai bai nuna ba.

Sauran abubuwan ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko aiki ya matse. Ka wanke hannu ko ba mai kallo. Asirin mara lafiya ya mutu a cikinka. Ka girmama masu shara da tamarjai, ka gaishe su da sunansu, don sun san inda komai yake, kuma kowannensu uban wani ne. Mahaifiyarka ta ce ka riƙa cin abinci, ka rubuto duk wata, kuma in ka ga wata 'yar mutunci, ita za ka fara gaya wa, ba ni ba, wai ni ba na iya riƙe magana.

Na yi lissafi, in Allah Ya ba mu rai, lokacin da za ka gama ina da sauran 'yan shekaru a wurin aiki. In ka dawo da shahadarka aka kawo ka asibitinmu, to kai ne sama da ni. Ka ba ni umarni a gaban kowa, kada ka ji nauyi, zan ce “Na'am, ya ustaz,” in tura gadon inda ka ce, kuma ba a taɓa yin tamarjin da zai tura gado yana taƙama kamar ni ba. Amma da mun shigo Rusaifa, ka sani, kai ne mai ɗebo ruwa.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya sa waraka a hannunka, Ya sa tausayi a zuciyarka, Ya haɗa ka da malamai na gari da abokai na gari. Allah Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Gobe in na shiga Harami zan ambaci sunanka a kowane zagaye. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sulaimanu